Ranar da na mayar da kifi ruwa da hannuna

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin ruwa na tashi, duk da gidanmu ba masunta bane amma ai wanda ya girma a Yelwa ba sai an koya mishi ƙugiya da tana ba. Muna yara kara muke samu mu ɗaura zare, mu yanki guntun tsohon silifas mu maƙala ya dinga yawo a kan ruwa, in ya nutse kasan an ci. To da wannan ɗan ilimin nake ta cika baki a wajen aiki a nan Springfield ta jihar Missouri, har wani dattijo Bature da muke aiki tare ya gaji da ni yace to shikenan, in lokaci yayi zai ɗauke ni muje tafkin Table Rock yaga abinda na iya. Mutumin ya kusa sa'an babana don haka Baba nake ce mishi, tun yana dariya har ya saba yana amsawa.

Wannan maganar tun watan Fabrairun 2024 mukayi ta. Nace Baba ai sai muje wannan satin, yace a'a ruwa bai yi ba. Nace kamar ya ruwa bai yi ba, ruwan tuwo ne? Yace sanyi, kifin duk yana can ƙasa a zurfi baya motsi sosai, sai ruwa ya fara ɗumi sannan zasu taso bakin gaɓa yin ƙwai. Anan na fara gane cewa su mutanen nan da zafin ruwa suke kamun kifi ba da sa'a ba. Lokacin da suke jira shine wanda mutanenmu ke fassarawa da bazara, amma wallahi ba bazararmu bace ta Maris da Afrilu da mutum ke kwana a waje yana fifita, tasu lokacin fitowa daga hunturu ne, itatuwa na sabon ganye, da safe sanyi da rana ɗan ɗumi. Akwai wata bishiya mai farin fure da suke kira dogwud, itace ma bishiyar da jihar ta ɗauka a matsayin alamarta, Baba yace in kaga tayi fure a daji to kifin kirofi ya hau gaɓa. Sai abin ya tuna min yadda tsofaffinmu ke kallon wasu alamu su ce damina ta kusa.

Kifi uku ne dai ake ta magana a kansu a yankin. Akwai bas, shine sarkin surutu, shi ake gasa a kanshi ana cin kuɗi da jiragen ruwa, kuma a Table Rock kala uku ne, mai babban baki da mai ƙaramin baki da mai ɗigo-ɗigo. Akwai kirofi, faffaɗa ne kamar karfasa amma yafi ta sirantaka, shine na ci. Sai turawut wanda shi ruwan sanyi ƙarara yake so, shi labarinshi daban ne zan zo kanshi.

Azumi ya shigo a Maris, na ce ma Baba ni fa sai bayan sallah, yace ai daidai kenan. Ranar Laraba 10 ga Afrilu mukayi sallah, a satin ya fara damuna da maganar lasisi. Ni da farko na ɗauka wasa yake. Lasisin kama kifi? A ruwan Allah? Yace in ma'aikacin hukuma ya kama ka babu shi tara ce kuma ni bazan ɗauke ka a jirgina ba. Abin kuwa ba wuya, a waya na yi, hukumar kula da daji da ruwa ta jihar tana da manhaja, ka saka bayananka ka biya da kati shikenan takardar ta fito a wayarka. Guda biyu na siya, na kamun kifi gaba ɗaya da kuma na turawut don shi nashi daban ne, duka biyun basu kai dala 30 ba tunda mazaunin jihar ne ni, kuma yana aiki har ƙarshen Fabrairu mai zuwa. Abinda ya ɗaure min kai shine ɗan littafin dokoki da Baba ya miƙo min yace in karanta kamar zanyi jarabawa. Kowane ruwa da nashi dokar. A Table Rock kirofi sai ya kai inci 10 kuma guda 15 kawai zaka ɗauka a rana, bas mai babban baki sai ya kai inci 15 kuma guda 6 ne iyaka. Har yadda ake awon an rubuta, a rufe bakin kifin a matse jelar sannan a auna. Na karanta ina dariya ina cewa a raina wa zai ganni a tsakiyar ruwa.

Sai kayan aiki. A garin nan na Springfield ne hedikwatar kamfanin kayan kamun kifi na Bass Pro Shops take, nan aka fara shi a 1972, kuma shagon nasu in ka shiga sai ka ɗauka gidan zoo ne, ga ruwa na zuba ga kifaye a gilashi ga sandunan fatsa jere kamar gonar dawa. Baƙo ko da ido makaho ne, na tsaya ina ta zare ido, hannuna har ya kai kan wata sanda mai tsada da irin injin naɗe zaren da ƙwararru ke amfani dashi, Baba ya karɓe ya mayar yace wannan sai ka shekara. Ya zaɓar min sanda mara nauyi da injin da zaren ke fita ta gaba, zare siriri mai ɗaukar fam 6, da wasu ƙananan ƙugiyoyi masu kan dalma da ake saka musu jelar roba, jig suke ce musu, nauyin kowanne kashi ɗaya cikin 16 na oza. Sai ɗan abin da ke yawo kan ruwa, wato dai silifas ɗinmu na da amma an yi mishi fenti ja da fari an saka mishi kuɗi. Nace Baba tana fa? Yace kirofi ba ruwanshi da tana sosai, ƙananan kifi yake ci, zamu siyi masu rai a hanya.

Kwana uku ina koyon jifa a bayan gida, na ajiye bokiti ina ta auna shi, maman yara na leƙowa ta taga tana cewa maigida Allah ya sa dai ba aikin bane ya taɓa ka. Yatsa zaka sa ka riƙe zaren, ka buɗe ɗan ƙarfen, ka wurga ka saki yatsan daidai lokacin da sandar ta miƙe gaba. In ka saki da wuri abin ya tafi sama, in ka makara ya daki ƙasa a gabanka. Sau biyu ina maƙale katangar maƙwabci.

Asabar ta biyu bayan sallah ƙarfe huɗu da rabi na dare ya tsaya a ƙofar gida da a-kori-kura yana janye da jirgin. Ba wajen dam ɗin muka nufa ba, yace can ruwan garai-garai ne kuma da zurfi, yana daɗewa bai yi ɗumi ba. Reshen kogin James muka nufa wajen Cape Fair, inda ruwan ke da ɗan duhu, shi yafi saurin ɗaukar zafin rana. Tafiyar kamar awa ɗaya, hanya duk kwana-kwana da hawa da gangara. Muna isa nace Baba bani minti biyar, na shimfiɗa darduma a gefen mota nayi asuba, sanyi kamar ya cire min yatsu don alwalar ma da ruwan gora nayi, shi kuma yana can yana kwance igiyoyin jirgi bai ce min komai ba. Ya miƙo min rigar ruwa, nace ai na iya iyo ni ɗan bakin Neja ne, yace saka dai, wannan ruwan in ka faɗa sanyin ne zai riƙe maka hannu da ƙafa ba rashin iyawa ba.

Jirgin nashi ba wani babba bane amma akwai ɗan talabijin a gaba dake nuna ƙasan ruwa, zurfi da itatuwan da suka nutse da kifin ma kanshi kamar ɗigo-ɗigo, a gefe kuma zafin ruwa. Ya nuna min lamba, 59 a ma'auninsu na Farenhait, wato wajen 15 a namu, yace madalla. Daga wajen 55 suke fara matsowa, in ya haura 60 ƙwai ya kankama. Ni a raina nace wannan ai zalunci ne, kifi na ganinka mai jar koma ake cewa, yau kuma mai komar ne ke ganin kifi. Kuma wai hukumar da kanta take nutsar da itatuwa a wurare daban-daban don kifi ya samu mafaka, har ta saka wuraren a manhaja kowa ya gani.

Muka shiga wani lungu mai tsakuwa a gaɓa da busassun itatuwa tsaye cikin ruwa, ya kashe babban inji ya kunna ƙarami na batir wanda baya ƙara. Ya saka min ɗan kifi mai rai a ƙugiya ta leɓe, ya daidaita zurfin kamar ƙafa huɗu, yace jefa kusa da wancan kututturen. Jifan farko na maƙale reshe. Na biyu ma reshe. Ya kwance min bai yi tsaki ba, sai cewa yayi wanda baya maƙalewa ba inda kifi yake yake jifa ba. Na uku ya faɗa daidai. Ban fi minti biyu ba naga abin nan ja da fari ya ɗan karkace, ya tafi gefe a hankali, sannan ya nutse. Jikina ya tuna Yawuri, na fizga da ƙarfin da ake fizgar tarwaɗa, sai ga ƙugiya ta fito fit ta wuce ta saman kan Baba, ba kifi ba koto. Yace yaro kashe ni zakayi? Ashe kirofi leɓenshi kamar takarda yake, in ka fizga yagewa yake, ɗaga sandar kawai zakayi a hankali ka bar nauyinshi ya kama kanshi. Sai da na yaga bakin uku kafin hannuna ya yarda.

Na farko da na shigo dashi jirgi bazan manta ba. Baƙi-baƙi ne da sheƙi kamar an watsa mishi tawada, Baba yace namiji ne, lokacin ƙwai suke yin duhu haka, sune ke fara zuwa su share wuri kuma sune ke tsaron ƙwan bayan matan sun koma zurfi. Na ɗauka zan wurga shi a ramin ruwan dake cikin jirgi sai Baba ya turo min wani faranti mai tsawo da lambobi. Na kwantar dashi, baki a rufe, na matse jela. Inci tara da rabi. Nace Baba rabin inci ne fa. Yace eh rabin inci ne. Nace to ai in na ɗan ja shi zai kai. Bai ko yi dariya ba, ya nuna min ruwa da haɓa. Wallahi kifin nan a gida da an soya shi an ci da garin kwaki an sha ruwa an gode Allah, mu da ko 'yan firit ɗin nan ba'a bari, a shanya su a daka a miya. Na sunkuya na sa shi a ruwa, ya ɗan tsaya a tafin hannuna kamar bai yarda ba, sannan ya bugi ruwa ya ɓace. Ban yi magana ba na kusan minti goma.

Daga nan kuma kasuwa ta buɗe. Wajen ƙarfe bakwai zuwa tara kamar ana kiransu, wani kututture ɗaya sai da muka cire bakwai a jikinshi. Na bar kifi mai rai na koma jig, shi kuma ba jira ake ba, jefawa zakayi ka ƙirga ɗaya biyu uku yana nutsewa sannan ka dinga naɗowa a hankali a hankali, cin nasu ma ba fizga bace, wani ɗan tik zakaji a sandar kamar an ɗan taɓa ka da farce, wani lokacin ma ba zakaji komai ba sai dai kaga zaren yayi sako-sako. Baba yace kullum ka riƙe koton sama da kifin don kirofi sama yake kallo, baya sunkuyawa ya ci abu a ƙasanshi. Kowa da ɓangarenshi a ramin ajiya don doka tace kifin kowa ya zama a ware, ba'a haɗawa ace namu ne. Kuma in ka riga ka ajiye kifi ya shiga lissafinka, ba wai in ka samu babba ka fitar da ƙarami ka musanya ba. Ina ta auna ina mayarwa, ina auna ina ajiyewa, har na daina jin zafin abin, na ƙarshe ma da ido nake ganewa tun kafin in ɗora a faranti. Ido ba mudu ba amma yasan kima.

Da rana ta ɗaga cin ya ragu, ina da 11 shi yana da 15 ya cika, sai yace bari mu gwada bas. Muka koma wani tsini da ƙasa ta shigo cikin ruwa, duk tsakuwa ƙanana, yace irin wurin da suke taruwa kenan kafin su shiga lungu yin gado. Ya ɗaura min wata guntuwar roba mai kalar ganyen kuka busasshe a kan ƙugiya mai dalma, abin ko kama da abinci baiyi ba, yace jefa ka barshi ya kai ƙasa ka dinga ja kaɗan kana tsayawa. Wannan kam aikin haƙuri ne, kusan awa ɗaya ba komai, har na fara gyangyaɗi ga iska ta taso. Can sai naji kamar na maƙale dutse, na ɗaga, dutsen ya fara tafiya. Jama'a! Injin ya dinga ƙara zare na fita, sandar ta lanƙwashe kamar baka, Baba na ihu kar ka ƙulle kar ka ƙulle barshi ya ja, don zaren fam 6 ne in nayi gardama dashi tsinkewa zaiyi. Kifin ya yi tsalle ya fito waje gaba ɗaya yana girgiza kai baki a wangame, na ga jan cikin maƙoshinshi, gabana ya faɗi nace ya tafi. Bai tafi ba. Sau uku ina kawo shi kusa yana komawa ƙarƙashin jirgi kafin Baba ya sa raga ya kwaso shi.

Ya koya min riƙo, babban yatsa a cikin baki ka kama leɓen ƙasa, bakin kamar sanfefa yake ba haƙora masu yanka. Kore ne mai baƙin layi a gefe, ciki ya cika tim. Faranti. Inci 16 da ɗan ɗoriya. Nace Alhamdulillahi wannan kam doka ta bani. Baba yace eh naka ne halak malak, amma ka duba cikin nan, mace ce ƙwai ne fal, sati ɗaya ko biyu ya rage ta zuba. Yace shi shekara da shekaru bai ci bas ba, ba don haramun bane a dokarsu, kawai haka masu kamun bas suka saba, a ɗauki hoto a mayar, kuma naman kirofi ya fishi daɗi nesa ba kusa ba. Har ya ƙara da cewa hukumar lafiya ma tana ba mata masu ciki da ƙananan yara shawarar su rage cin manyan bas saboda sinadarin makuri dake taruwa a jikinsu. Yace amma fa ni bazan hana ka ba.

To kunji inda aka sa ni a tsaka mai wuya. Na farko doka ce ta ƙwace min, wannan kuma ba mai ƙwacewa. Ina riƙe da kifin da ya kusa kilo ɗaya ina tuna farfesu, ina tuna maman yara da tace kar in dawo mata hannu rabbana. Kuma ina tuna yadda kawuna ke faɗin irin giwan ruwan da ake fitarwa a tafkin Kainji shekarun baya, da yadda yanzu masunta ke kwana a ruwa su dawo da abinda bai cika kwano ba, ga raga mai ƙananan ido kamar gidan sauro tana kwashe har 'ya'yan. Ba wai ina zargin kowa bane, mai neman abinda zai ci yau ba zaka ce mishi ya jira baɗi ba, Baba kuwa firijinshi cike yake shi wasa ya kawo shi ruwa. Amma nima ai firijina ba wayam yake ba. Na ce ɗauke ni hoto. Ya ɗauka har uku, na sunkuya na riƙe ta cikin ruwa har ta fara motsa jela da kanta, na saki.

Muna fitowa gaɓa kuwa sai ga ma'aikacin hukumar da kakinshi yana zagayawa. Ya gaishe mu da fara'a, ya duba lasisi a wayata, ya buɗe ramin ya ƙirga, ya ɗauki biyu da yaga kamar ƙanana ya auna, duk sun wuce. Na tuna na inci tara da rabi ɗin nan naji wani sanyi a raina. Baba ya ce min hukumar nan tun 1937 take, kuma a 1976 mutanen jihar da kansu suka kaɗa ƙuri'a aka ƙara ɗan haraji a kan siyayya, kashi ɗaya cikin takwas na kashi ɗaya bisa ɗari, kuɗin na tafiya wajen daji da ruwa kawai. Wato ko sabulu na siya ina biyan kuɗin itatuwan da aka nutsar ɗin nan ban sani ba.

Gyaran kifin ne ya kusa haɗa mu faɗa. Ba'a yankawa a kan ruwa, sai an fito, don dole kai da jela su kasance a jiki saboda awo. Ya ciro wata wuƙa mai batir, zuuu ta bayan kai, ya bi ƙashin baya har jela, ya juya ya zare fatar, ya cire ƙayar haƙarƙari, tsoka biyu farare tas ba ƙaya ko ɗaya, duk a ƙasa da minti ɗaya. Sauran kuma, kai da ƙashi da duk naman dake jiki, ya tura bokitin shara. Nace innalillahi Baba me kakeyi haka? Yace me? Nace kan fa? Ya kalle ni kamar nace zan ci takalmi. Na ƙwace bokitin, nawa 11 kuwa nace kar ya taɓa, da wuƙata na kankare ɓawon na farke ciki na wanke na barsu da kansu da jelarsu yadda Allah ya yi su. Kawunan nashi 15 ma na zuba a leda na sa a ƙanƙara.

A wani ɗan masauki muka kwana kusa da garin Branson, da dare na cire kaska biyu a ƙafata, dajin nan nasu akwai ta kamar garken shanu. Washegari sai turawut.

Abin mamakin shine dam ɗaya ne ya raba ruwan biyu. An gama dam ɗin Table Rock a 1958 akan kogin White, kuma ruwan da yake saki don wutar lantarki daga can ƙasan tafkin yake fitowa inda rana bata kaiwa, sai ya zubo cikin tafkin Taneycomo da sanyinshi, wajen 48 a ma'auninsu, kamar 9 a namu, rani da damina. Shi Taneycomo ya girmi Table Rock, tun 1913 aka tare shi, da can ruwan ɗumi ne mai bas da tarwaɗa, sanyin nan ne ya kore su daga saman tafkin, sai hukuma ta gina gidan ƙyanƙyasar turawut a gindin dam ɗin tana zubawa duk shekara. Suna tafki ne amma in an kunna injinan wuta gudu yake kamar kogi, har jiniya ake busawa don waɗanda suka shiga ruwa da ƙafa su fito kafin ya taso.

Da sassafe hazo ya kwanta akan ruwan fari fat, baka ganin ɗaya gaɓar. Daga dam zuwa bakin rafin Fall Creek, kamar mil uku, an hana koto na gaske da na roba mai laushi, sai na ƙarfe ko roba mai tauri da na gashi, kuma turawut mai bakan gizo daga inci 12 zuwa 20 dole a mayar. Mu ƙasa da nan muka tsaya a wani dandamalin katako na gwamnati inda aka yarda da tana. Nace yauwa yau an zo gidana. Ashe ko tanar ma da salo, Baba ya ciro wata 'yar roba mai allura ya hura ma tanar iska a ciki, wai don dalma ta zauna a ƙasa ita kuma tanar ta ɗan taso sama da ciyawa inda kifi zai ganta. Zare kuma ya canza min zuwa fam 4 don ruwan garau yake kuma turawut akwai ido. Ka jefa, ka ɗan ja zaren ya miƙe, ka jingina sanda ka zuba ma bakinta ido.

Wannan zaman yafi kama da na yarinta, shiru, hannu cikin aljihu, ga shayi a fulas. Bakin sanda ya yi rawa sau biyu, na ɗaga a hankali yadda kirofi ya koya min. Kifin santsi gareshi kamar sabulu, ɓawon ƙanana sosai, jiki duk ɗigon baƙi ga wani layi ruwan hoda daga kunne har jela, sanyi ƙalau a hannu kamar daga firij aka ciro shi. Guda 4 ne iyaka a rana, kafin ƙarfe tara na cika, duk wajen inci 11 zuwa 13. Akwai wani kalar mai ruwan ƙasa da sai ya kai inci 20 ake ɗauka kuma ɗaya tak, a ruwan nan ne ma aka kama wanda yafi kowanne girma a tarihin jihar a 2019, fam 40 da ɗoriya, sama da kilo 18. Mu dai bamu ga ko inuwarshi ba.

Da yamma a gida aka raba aiki. Baba ya bani tsokar nashi kaɗan da yadda suke yi, a juya a garin masara da gishiri a tsoma a mai mai zafi, kuma gaskiya yayi daɗi, yara sun cinye don ba ƙaya. Maman yara kuwa ta tsaga nawa ta cusa musu attarugu da tafarnuwa da citta ta soya su sukayi ƙaras, kawunan kuma akayi farfesu da daddawa da kimba. Turawut ɗin a oba ta gasa, naman laushi da ɗan maiƙo, ni dai kirofi yafi min. Ranar Litinin na kai ma Baba farfesun a kula, ya sha romon yana tari yana share hawaye yana cewa akwai daɗi, amma kan ko taɓawa bai yi ba.

Na tura ma kawu hoton bas ɗin ta WhatsApp, ba'a jima ba sai ga kira. Yace ɗana wannan kifi haka, Masha Allah, ya ɗanɗanonshi? Nace kawu ai ban ci ba, mayarwa nayi. Yace kuɓuce maka yayi? Nace a'a da hannuna na saka shi, ƙwai gareshi. Yayi shiru har na duba wayar ko ta yanke, can naji yana ce ma wani a gefenshi zo kaji, yaron nan na Amurka ya biya kuɗi an bashi takarda, yayi tafiyar awa guda cikin sanyi, ya kama kifi ya gaishe shi ya sake shi. Sannan ya dawo kaina yace to ita sandar nawa take, in zaka zo ka taho min da guda.